Indomin da aka cire min kyauta

Duk wanda ya zauna a Legas ko na wata shida ne ya san ba a kyauta a garin nan, ko hanya ka tambaya wani sai ya kalli aljihunka kafin ya ɗaga hannu ya nuna maka. To amma ni da na fi shekara goma a Agege, ni ne makanike ya min aikin kusan awa uku harda walda, ya wanke hannu da fetur yace "Alaji barshi kawai, kai namu ne", na shiga mota ina ta sa masa albarka har gida. Har uwargida na ba labari nace kin ga har yanzu akwai mutanen kirki. Yanzu in na tuna kunya ce take kama ni wallahi.

Motar Honda Prelude ce ƙirar 1998, mai ƙofa biyu, giyar hannu, tokumbo daga Amurka amma ta wuce hannu biyu ko uku a nan kafin ta zo gurina. Mutanenmu dai kun san su da Honda, daga Hala zuwa Baby Boy zuwa End of Discussion babu wadda ba mu hau ba, amma Prelude daban take, tun 2001 aka tsayar da wannan samfurin, kujerar baya kuwa sai dai ka ajiye jaka ko yaro ɗan firamare. Injinta H22 ne, lita 2.2, ƙarfin doki 195 a takarda, kuma in allurar juyin inji ta haura 5000 akwai wani canjin murya da take yi idan VTEC, wato tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul, ya buɗe, wanda duk bai taɓa ji ba ba zai gane me yasa magidanci da iyali zai sayi mota mai jan ciki a ƙasa a garin da ko wane layi da tudun rage gudu biyar ba. Ranar da na kawo ta Kawu ya zagaya ta sau biyu yace "to ina za a sa buhun shinkafa?" Ban bashi amsa ba don babu.

Kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa, na sani. Shekara ɗaya muka yi lafiya sai ƙananan abubuwa. Bayan damina ta fara wani abu, in na tada ta da safe sai inji kacau-kacau a ƙarƙashi kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, sannan wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, sannan ƙarfi ya fara tafiya a hankali. Wata lahadi da sassafe na hau gadar Third Mainland, dama nan nake zuwa in sake ta tunda kilomita kusan 12 ce kuma safiyar lahadi ne kawai ake samun ta a buɗe, na taka totur har ƙasa amma mota ta ƙi wuce 3000, tana gurnani kamar wanda aka toshe wa hanci da baki, ƙasan kujera ya ɗau zafi har ina ji a ƙafata. Wata tsohuwar danfo ta wuce ni kwandasta na leƙowa yana dariya. Wannan dariyar ce ta kai ni gareji washegari.

Makaniken bai ko ɗaga bonet ba, ya durƙusa ya bubbuga salansa da sifana yace indomi ne. Ga wanda bai sani ba, indomi shi ne sunan da makanikan ƙasar nan suka sa wa wata tukunya da take jikin bututun salansa tsakanin inji da tukunyar baya, sunanta na asali katalis, cikinta wani abu ne kamar saƙar zuma na yumɓu mai ƙananan ramuka dubbai, in ka kalle shi kamar taliyar indomi da ba a dafa ba. Yace wannan abin na ƙasar Turawa ne, don sanyinsu da dokarsu aka yi shi, a nan babu abinda yake yi sai shaƙe mota da shan mai. Yace a fasa a zubar a mayar da gwangwanin, kuma tunda an zo a toshe EGR shima, wato bawul ɗin da ke maido da ɗan hayaƙi cikin inji, da wata baƙar roba da yace ba ta da aiki sai tara tiyo. Nace nawa, yace mu gama tukuna. Na tafi sallar azahar na ci abinci, ko da na dawo an gama an share guri tas, ko ɓurɓushi ban gani ba.

Ba zan yi ƙarya ba, satin farko na ji daɗi. Mota ta dawo da ranta, murya ta buɗe, yaran layinmu suna jin ta tun daga kwana suke fitowa. Na dinga yawo ina gaya wa mutane a majalisa cewa duk mai indomi ya je ya cire, har mutum biyu suka bi maganata, Allah ya yafe min. Abinda ban gane ba a lokacin shi ne ba ƙarin ƙarfi na samu ba, ƙarfinta na da ne ya dawo saboda an cire abinda ya toshe. Wanda ya yi wata uku da mura ranar da hancinsa ya buɗe gani zai yi kamar an ƙara masa huhu. Lafiyayyen indomi a mota irin wannan da ba a taɓa injinta ba abinda yake ragewa kaɗan ne, ba abinda zaka ji a gosulon Oshodi ba ne, kai ko a gadar ma da ƙyar.

Sai wari ya fara. Ba na ƙwai ba yanzu, warin ɗanyen fetur mai yaji da yake shiga ido. Prelude a ƙasa take, esi ɗina kuma dama sai ya ga dama, to in na shiga gosulo daga Ikeja Along zuwa Agege gilas a sauke, iska ta juyo, hayaƙina da kaina nake shaƙa, in isa gida da ciwon kai kaya na wari kamar na kwana a gidan mai. Uwargida ta shiga sau biyu tace ita dai a barta da Keke da BRT ɗinta. In na tada motar da safe a tsakar gida maƙociyarmu Bayarabiya sai ta fito ta kwashe shanyarta ba ta ce komai ba, wannan shirun nata ya fi zagi ciwo.

Wutar cek kuma, wadda ke nuna akwai matsala a inji, ta kama ta ƙi mutuwa. Na koma yace ba komai haka take yi, in tana damuna a cire ƙwan ko a manna baƙin salatif. Na je gurin wani yaro mai kwamfuta ya jona, ya fito da P0420 da P0401, na farko yana nufin indomi baya aiki, na biyu EGR baya wucewa, wato motar da kanta tana faɗin abinda aka mata. Motocin Amurka daga 1996 duk haka suke, akwai sensa biyu a salansa, na gaba shi yake gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, ya ƙara mai ko ya rage, na baya kuma aikinsa gadin indomi ne ya ga ko yana tace hayaƙin. Yaron yace zai iya gogewa amma kwana biyu zata dawo. Matsalar zama da wuta a kunne kullum ita ce ka daina ganinta. Wata kusan huɗu ina yawo sensan gaba ya mutu ban sani ba, ashe wayarsa ta ƙone tun gurin walda ta ƙarasa tsinkewa, mota na ta ɗurar mai, fulogi sun yi baƙi ƙirin, a lokacin da tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi kowa lissafin lita yake yi. Da wutar tana kashe ne ranar da ta kama zan san wani abu ya faru.

Na EGR ɗin ma ya fito da nasa. Aikinsa shi ne ya maido da ɗan hayaƙi kaɗan cikin inji don ya rage zafin ƙonewa, kuma ba ya buɗewa in mota na silo ko in ka taka totur har ƙasa, sai a tafiyar tsaka-tsaki, kenan toshe shi babu abinda zai ƙara maka a gudu. Injin H22 matsinsa 10 ne da 1, babban fetur aka rubuta a littafinsa, mu kuwa a nan fetur kala ɗaya ne a famfo, abinda aka zuba maka shi ne. To da rana tsaka inji ya yi zafi in ina hawa gada a giya huɗu sai inji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa cokali a kofi, sensan da yake sauraron wannan ƙarar sai ya sa birenbos ya ja taimin baya, mota ta yi sanyi. Wai an toshe don ƙarin ƙarfi kenan. Baƙar robar kuwa gawayi ne a cikinta, tururin fetur ɗin tanki take kamawa ta mayar inji ya ƙone, cire ta bai ƙara komai ba sai warin fetur a inda na ajiye mota.

Yadda na gano ainihin maganar kyautar nan kuwa, Kawu ne. Shi harkar gwangwan yake yi tun kafin a haife ni, yana da guri a wajen Owode Onirin can gaba da Mile 12. Na je gaishe shi wata asabar, ina faka motar ya toshe hanci yace "kai kuma waye ya cinye maka indomi?" Na bashi labari harda albarkar da na sa wa mutumin. Kawu ya yi dariya har sai da ya cire hula ya goge ido, ya kira yaransa yace ku zo ku ga ɗan boko. Ya ja ni cikin wani shago na maƙocinsa, buhuna ne jere, wasu da tukunyar gaba ɗaya wasu an fasa an zuba garin, ga sikeli ƙarami irin na masu gwal, ga wani yaro yana duba lambar da ke jikin gwangwani a waya yana faɗin kuɗi. Kawu ya ɗauko wani ya miƙo min yace "irin naka ne wannan, na asali daga kamfani, tsofaffin nan sun fi na gwanjon da ake ƙerawa yanzu nauyin arziki." Ya faɗi kuɗin a kunnena. Ba zan rubuta ba don farashi kullum canzawa yake, amma ya ninka abinda zan biya na aikin sau da yawa, ko fasasshe ne ko toshasshe duk ɗaya a gurinsu tunda ƙarfen da ke ciki suke so. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Nace Kawu to me ke ciki haka? Yace shi dai ya san ana fita da shi waje. Daga baya na bi diddigi, saƙar zumar an shafe ta da ƙarafa uku masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, duka giram kaɗan ne a tukunya ɗaya amma a farkon 2021 rodiyam ya haura dala 25,000 a kan oza ɗaya, gwal a lokacin bai kai 2,000 ba. Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, faladiyam kuma Rasha ce kan gaba tare da ita. Shi yasa daga Landan har Legas ɓarayi ke shiga ƙarƙashin mota da zarto cikin dare. Namu salon dai ya fi ladabi, da kanka zaka kai motar, ka kuma yi godiya.

Amma don Allah kar a ɗauka duk makaniken da yace a cire ɓarawo ne. Akwai wani dattijo mai walda, Baba nake ce masa, da na saba da shi daga baya, tun zamanin Fijo 504 yake aiki, yace min su a da duk motar da ta zo daga waje da indomi wata kaɗan take yi ya mutu, shi yasa suka saba fasa shi. Gaskiyarsa ne kuma akwai dalili. A Amurka da motocin 1975 aka fara sa katalis gadan-gadan bayan dokar tsaftar iska ta 1970, kuma tare da shi aka kawo fetur mara dalma, saboda dalma tana lulluɓe ƙarafan nan ta kashe su. Mu kuwa fetur mai dalma muka ci gaba da sha shekara da shekaru, ita dai wannan dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, sai zuwa farkon 2006 ne ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina zuba ta a fetur. Kenan a zamanin Baba maganar cirewa tana da kan gado, mataccen abu ne yake toshe hanya. Zamani ya wuce maganar ta zauna, yara suka gada daga iyayen gidansu, sai kuma kuɗi ya shigo ciki ya ƙara mata ƙarfi.

Akwai masu ce min wai hayaƙin Legas dama ya riga ya yi yawa, ga tireloli a Apapa ga danfo ga janareto a ko wane gida, naka guda ɗaya me zai ƙara. Nima na faɗi haka da bakina. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta kashe mutum 11,200 a Legas a 2018 kaɗai, mafi yawansu yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma na yarda tsohuwar Prelude ɗaya ba ita zata ɗaga wannan adadin ko ta sauke shi ba. Ni abinda ya tsaya min ba lissafin gari ba ne. Babban abinda indomi yake ƙonewa shi ne kabon monoksayid, wannan iskar da ba ta da wari ba ta da kala, ita ce muke jin labarin ta kashe iyali guda sun kwana da janareto a kusa da ɗaki. Warin da nake ji fetur ne da bai ƙone ba, ita mai kisan ba a jin ta. Kuma a gosulo wa ke bayan salansata? Mai okada da fasinjansa, da yaran nan masu bin motoci da fiyawota da gala, da yawansu ma ƴan uwanmu ne daga gida, wuni suke yi a tsakanin bamba da bamba. Wata rana a Mangoro wani yaro ya tsaya daidai bayan motar yana ƙirga canji, ina kallonsa ta madubi yana ja da baya yana fifita fuska da hannu, sai na kashe injin, na baya suka dinga min hon da aka saki hanya.

Da na yanke shawarar mayarwa sai Baba mai walda ya min tambayar da ya kamata a min tun farko, yace "Malam me ya kashe na farkon?" Indomi ba ya cika mutuwa haka kawai. Ko mota na shan baƙin mai tokarsa ta toshe ramukan, ko fulogi na tsallake ɗanyen fetur ya je can ya kama da wuta ya narka shi, ko ya yi zafi jau ka shiga ruwa ya tsage, ko ka buga shi a tudu. Ni kusan duka na haɗa, ambaliyar damina na shiga da ita ba sau ɗaya ba, tudun layinmu kuwa kullum sai ta gaishe shi da ciki, sannan baƙin mai duk sati biyu sai na ƙara, ina cewa ai tsohuwa ce. Ba laifin motar ba ne, robobin bawul ne suka tsufa suka bushe, inji mai shekara sama da ashirin. Sai da aka fara canza su, aka sa sabbin fulogi da sensan gaba, aka buɗe EGR aka wanke hanyoyinsa da suka cika da baƙin gawayi, sannan aka zo maganar tukunya. Wanda ya sa sabon indomi a motar da take shan baƙin mai kuɗinsa ya zubar.

Neman tukunyar ya kai ni Ladipo sau uku. Kasuwar nan ta Mushin babu abinda babu, amma Prelude ba Corolla ba ce da zaka samu kayanta a shagon farko, ana ta miƙa ni daga layi zuwa layi. Kawu ne ya koya min yadda ake dubawa, yace ko a ina zaka saya ka ɗaga ka ji nauyi, ka girgiza ka saurara, ka haska tocila ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan, in lafiyayye ne haske zai ratso ta ƙananan ramuka a jere, in ka ga fili fayau to gwangwani ne, sannan ka duba jikinsa ko akwai ɗinkin walda sabo da aka shafe da toka ko fenti. A zuwa na uku wani Inyamuri ya fito min da ɗaya da ƙurarsa, ya bani tocilarsa da kansa yace duba son ranka Alaji. Kuɗin da na biya, in na haɗa da man da na ƙona a banza wata huɗu, ya isa in yi wa motar fenti.

Ranar ɗaurawa ban je ko ina ba. Na ɗauko benci na zauna a bakin ramin, sallah ma a nan gefe na shimfiɗa kwali na yi, Baba yana dariya yace yanzu ka zama ɗan Legas. Na sa ya ɗan ɗiga walda a kan notocin don duk mai son kwancewa sai ya yi gumi, na kuma ɗauki hoton lambar da ke jikin tukunyar a waya. Yaron kwamfuta ya goge lambobin, yau wata na biyar kenan wutar ba ta dawo ba. Muryar ta ragu, yaran layi sun daina fitowa, gaskiya wannan ɗin na ɗan yi kewarsa. A gadar kuwa lahadin da ta wuce allura ta haura 5000 ta canza murya kamar yadda ta saba.

Robar gawayin ce har yanzu ban samu ba, in akwai wanda ya san inda Prelude ta mutu a Legas ko Ibadan ya taimaka ya min magana. Mutum biyun da suka bi shawarata a majalisa ɗaya na same shi na bashi haƙuri, ɗayan yace shi motarsa lafiya lau take kuma shi an ma bashi dubu biyar a kai. Uwargida ta dawo shiga, amma tace in dai da ƙunshi a ƙafarta ba zata iya wannan durƙuson ba.